Tsakuwa a Shinkafa: Ta Ina Take Shiga, Me Inji Ke Iya Yi?

A kasuwannin ƙasar Mayahi da Tasawa, idan mai saye ya gama tambayar kuɗin tiyar shinkafa, tambaya ta biyu ita ce ko tana da tsakuwa. Mai sayarwa ya ce wannan ta inji ce, mai saye ya damƙi kaɗan ya baza a tafin hannu, sannan a yi ciniki ko a rabu. Maganar inji ta shiga bakin kowa a 'yan shekarun nan, sai dai ba abu ɗaya ake nufi da ita ba. Wasu na ganin duk shinkafar da ta bi ta inji ta rabu da tsakuwa ke nan. Wasu na cewa 'yan kasuwa ne ke zuba yashi da gangan. Akwai kuma masu ɗaukar cewa halin 'yar gida ne, haka take tun daga gona, ta waje kuwa iri ce dabam. Kowane zance yana da ɗan abin da ya dogara a kansa, amma babu wanda ya kama gaskiyar gaba ɗaya.

Gidan Amumune, ƙaramar hukumar karkara da ke gundumar Mayahi a jihar Maraɗi, ba ƙasar shinkafa ba ce. Jigawa ce ta gero da wake da gyaɗa da riɗi. Mutanenta saye suke yi, don haka ba su ga gonar ba, ba su ga wurin shanya ba, ba su ga injin ba. Buhu kawai ke iso musu. Ga shi kuwa abincin da a da sai salla ko suna ko biki, yanzu ya shiga girkin ranakun mako, domin shinkafa ba ta bukatar surfe da daka irin na gero.

Kalmomin da ya kamata a rarrabe

Shinkafar da aka yanko daga gona tana cikin kwansonta. Ita ake kira samfarera ko shanshera, malaman gona kuma sukan ce padi, kalmar aro ce da ta shigo ta harsunan Turawa. Kwanson idan ya fita shi ne ɓuntu, yakan kai kusan kashi 20 cikin ɗari na nauyin samfarera. Ƙarƙashinsa akwai wata siririyar fata mai maiƙo, dusa ke nan, wajen kashi 10. Casa ita ce raba ƙwaya da ɓuntu, gogewa kuma cire dusa har ƙwaya ta yi fari. Gumi, wanda wasu ke kira turarawa, shi ne a jiƙa samfarera, a ba ta tururi, a shanya, kafin a kai ta casa.

Dattin shinkafa ma ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ruɗanin yake farawa. Ƙaiƙayi da kara da ƙura ba su da nauyi, iska ke ɗauke su, ko ta shiƙa ko ta fankar inji. Manyan duwatsu da yashi mai laushi girmansu ya bambanta da na ƙwaya, rariya ta ishe su. Wadda ke ba da wahala ita ce tsakuwar da girmanta ya yi daidai da ƙwayar shinkafa: iska ba ta ɗaga ta, rariya ba ta tare ta. Ita aka ƙera wa inji na musamman, injin cire tsakuwa, wanda masu sana'ar casa a Kano ke kira distona, daga Turancin Ingilishi. Inji ne mai zaman kansa, ba shi ne injin casa ba.

Inda buhun ya fito

Shinkafa ba baƙuwa ba ce a wannan yanki na Afirka. Jar shinkafar gargajiya an fara noma ta a fadamun kogin Neja, cikin ƙasar Mali ta yau, kimanin shekara 3,000 da suka wuce. A Nijar noman nata na zamani ya fi ƙarfi a bakin kogin, daga Tilaberi zuwa Kollo da Say da Gaya, sai kuma bakin Komadugu a jihar Difa. Gwamnati ta kafa kamfanin RINI a 1967 domin sayen samfarera da cashe ta, yana da masana'antu a Tilaberi da Kollo da Kirkisoye ta Yamai. Hukumar ONAHA mai kula da filayen noman rani ta biyo baya a 1978, tarayyar ƙungiyoyin manoman shinkafa ta FUCOPRI kuma a 2001. Duk da noma sau biyu a shekara a filayen ban ruwa, abin da ƙasar ke samarwa bai kai rabin abin da take ci ba. Sauran daga Asiya yake zuwa: Indiya, Tailan, Pakistan, Biyetnam, Sin.

Shekaru da dama Maraɗi ta kasance zangon wannan fatauci. Kaya su sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su hau mota zuwa Maraɗi, wani kaso ya tsaya, wani ya tsallaka Katsina da Kano. Sai Najeriya ta juya akala. Ta ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a Kebbi cikin Nuwamban 2015, ta kuma rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Mutanen birni da suka saba da 'yar waje suka koma 'yar gida ba don sun so ba, kuma kukan da ya fi yawa a lokacin shi ne na tsakuwa. Wannan kuka ne ya yaɗa distona. Manyan masana'antu irin su Umza da Tiamin a Kano, Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu suna da shi cikin jerin injinansu, ƙananan masu casa a garuruwa irin Kura ma suka fara saye, har ya zama ana bugawa a jikin buhu cewa babu tsakuwa.

A 2023 abubuwa biyu suka haɗu a wata guda. Indiya ta hana fitar da farar shinkafar da ba basmati ba a ranar 20 ga Yuli, juyin mulkin 26 ga Yuli kuma ya jawo wa Nijar takunkumin ECOWAS da rufe iyaka. Kuɗin buhu ya tashi, hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. A Oktoban 2024 hukumomin Nijar suka hana fitar da shinkafa da sauran hatsi zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Duk wannan ya ƙara wa 'yar gida kasuwa, ya kuma ƙara wa tambayar tsakuwa nauyi.

Ta ina take shiga

Babu tsakuwa a zangarniyar shinkafa. Tsakanin girbi da buhu take shiga, kuma kusan kullum daga ƙasa. Ana yanka da lauje a tara a ƙasa. Ana bugu a masussukar da ba a shimfiɗa mata komai ba, ko an shimfiɗa amma tamfal ɗin ya yage. Idan an gama, sai a sa tsintsiya a tattaro abin da ya warwatsu, domin manomi ba ya barin ƙwaya ta tafi a banza, kuma wannan sharar ta ƙarshe ita ke kwaso ƙasa mafi yawa. Daga nan shanya, a bakin titi ko a fili. Mai gumi kuwa shanya biyu ke gabanta, ta biyun kuma da jiƙaƙƙiyar samfarera, wadda yashi ke manne wa jikinta. A ƙara da tsohon buhu, da daɓen sito da ya farfashe. Akwai ma wata ƙofa da ba a cika lissafawa ba, wadda ta fi shafar ƙasar jigawa irin Mayahi: shinkafar da ta fito tas daga masana'anta, idan aka juye ta a buɗaɗɗen daro a kasuwa ranar iska, kafin la'asar ta ɗauki rairayi.

Tsabtar 'yar waje ba daga irinta take ba. Wadda ake fitarwa daga Asiya takan bi ta jerin injina a manyan masana'antu, na tacewa da na cire tsakuwa da na tantance launi, kafin a ɗinke buhu. Da za a baza ta a masussukar ƙasa a share da tsintsiya, da ita ma ta kwaso rabonta.

To, batun algus fa? Ba za a ce babu shi ba, kuma malamai sun sha yin wa'azi a kansa. Amma a duba lissafin. Yashi mai laushi yakan nutse cikin sararin da ke tsakanin ƙwayoyi, ba ya ƙara tudun awo sosai. Mai sayarwa da tiya ko kwano, ke nan, ba wata riba zai ci da zuba shi ba, sai zubar da mutunci. Inda algus ke da riba shi ne inda ake saye da sikeli, musamman samfarerar da ake kai wa masana'anta: kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasa a buhu mai kilo 50 rabin kilo ne. Shi ya sa manyan masu saye ke caka buhu su duba, su rage kuɗi gwargwadon datti da danshi. Tsakuwar da ke kai wa tukunyar gida kuwa, mafi yawanta daga yanayin aiki take, ba daga mugun nufi ba.

Yadda injin ke aiki

Duk macen da ta iya regaya ta riga ta san dabarar. Takan zuba shinkafa a ƙwarya da ruwa, ta riƙa jujjuyawa tana karkatawa, ƙwaya ta gangara, tsakuwa ta zauna a gindi. Injin ma abin da yake yi ke nan, sai dai da iska maimakon ruwa. Dutse ya fi ruwa nauyi kusan sau 2.6, ƙwayar shinkafa kuwa wajen sau 1.4, don haka ko girmansu ya zo ɗaya, tsakuwa ta kusa ninka ƙwaya a nauyi.

A cikinsa akwai faranti na ƙarfe mai ƙananan huji, an ɗan karkata shi, na'ura tana girgiza shi gaba da baya. Fanka tana sa iska ta ratsa hujin daga ƙasa zuwa sama. A wasu injinan hurowa take yi daga ƙarƙashi, a wasu kuma zuƙowa daga sama, kuma masu zuƙar sun fi rage ƙura a ɗakin aiki. Idan shinkafa ta zubo a kan farantin, iskar takan ɗan ɗaga ta, ta yi sako-sako, ta gangara ta fita ta ƙofar ƙasa. Tsakuwa ba ta ɗaguwa. Tana nan manne da ƙarfen, girgizar kuma tana tunkuɗa ta sannu a hankali zuwa sama, har ta faɗa ta wata ƙaramar ƙofa. Ƙananan injina na gyara daga 'yan ɗaruruwan kilo zuwa tan guda a awa, na masana'antu tan da yawa.

Sirrin aikin yana hannun mai saiti. Iska ta yi yawa, tsakuwa ma ta tashi ta bi shinkafa. Ta yi kaɗan, shinkafa ta bi tsakuwa, mai kaya ya yi asara. Idan aka tuttula kaya da yawa lokaci guda, farantin ya cika, ba a rabuwa. Idan aka rage ƙwarai, iskar ta sami wurin tserewa ta gefe. Dusa da ƙura na toshe hujin, sai an riƙa gogewa. Kayan da ba su bushe ba ba sa watsuwa yadda ya kamata. Danshin da ake so wajen casa kimanin kashi 14 ne cikin ɗari. Kuma injin na son gudu ɗaya ba hawa ba sauka, abin da janareton da ya gaji ba ya iya bayarwa. Saboda haka inji iri ɗaya a hannun mutum biyu yana iya fitar da shinkafa iri biyu.

A masana'antar da aka tsara, ba shi ne na farko ba. Rariya da fanka ke fara kwashe kara da yashi, maganaɗisu ya kama ƙusa da guntun waya, sannan distona, sannan casa. Ana sa shi kafin casa ne don kare injin da ke gaba, domin tsakuwa na cinye robar casa tana kuma huda rariyar gogewa. Ƙananan masu sana'a da yawa kuwa bayan casa suke kai kayansu wurin mai distona, su biya a kan kowane buhu. Hakan na tsabtace abincin, amma bai ceci injin casar ba.

“Ta inji” ba ta nufin babu tsakuwa

Injin casar da ya fi yawa a ƙauyukan Afirka ta Yamma shi ne mai sandar ƙarfe, wanda wani ɗan Brazil, Evaristo Conrado Engelberg, ya ƙirƙiro a shekarun 1880. Yana da ƙarfi, makanikin gari na iya gyara shi, kuma a zubi ɗaya yake cire ɓuntu da dusa. Amma ba ya tantance komai: abin da aka zuba masa shi zai fito da shi, har ma yakan farfasa babbar tsakuwa ta koma ƙanana. Yana kuma karya ƙwaya. Daga kilo 100 na samfarera yakan ba da wajen kilo 55, alhali mai roba na zamani yana kaiwa 65 zuwa 70. Mai sayarwar da ya ce shinkafarsa ta inji ce bai yi ƙarya ba. Tambayar da ta rage ita ce wane inji.

Shi kansa distona yana da iyaka. Dunƙulen laka busasshe bai kai dutse nauyi ba, yakan kuɓuce masa, ya je ya murƙushe a injin gogewa ya dusashe hasken shinkafa. Baƙar ƙwaya da ta lalace nauyinta ɗaya da lafiyayya, sai injin tantance launi, mai kyamara da bututun iska, wanda tsadarsa ta fi ƙarfin ƙaramin mai sana'a. Ko ma'aunin duniya bai ce sifiri ba. Ƙa'idar shinkafa ta Codex, hukumar ma'aunin abinci ta FAO da WHO, wadda aka amince da ita a 1995, ta yarda da dutse da yashi da ƙura har kashi 0.1 cikin ɗari. A buhu mai kilo 25, giram 25 ke nan. Kamfanoni nagari suna yin ƙasa da haka nesa, amma wanda ya ci karo da tsakuwa ɗaya a buhu bai kama kowa da zamba ba.

Batun lafiya

Illar da aka tabbatar ita ce ta haƙori: tsakuwa na fasa shi ko ta ɓantare shi, likitan haƙori kuwa ba a kowane gari yake ba. Zancen cewa ita ke kawo ciwon afendis ya yi yawa a baki fiye da hujja. Ciwon ya fi samuwa daga toshewar wannan ɗan reshen hanji da busasshen bahaya ko kumburi, abin da aka haɗiye ba kasafai yake zama sanadi ba. Tsakuwar ƙoda kuwa a cikin jiki take haɗuwa daga gishirin fitsari, ba ta da alaƙa da ta abinci. Akwai wata asara da ba a gani: yawan wanki da regaya na tafiya da wani ɓangare na sinadaran gina jiki da ke bayan ƙwaya. Ta gumi ta fi jurewa, domin tururi ya riga ya tura su ciki.

Inda ra'ayi ya rabu

Masu goyon bayan manyan masana'antu na cewa 'yar gida ba za ta yi gogayya da ta Asiya ba sai an tara samfarera wuri guda an bi da ita ta cikakken jerin injina. Masu ja da su na nuna cewa babbar masana'anta takan zauna ba aiki idan samfarera ta yanke, kuma kasuwar da take ci ta matan gumi ce, waɗanda da wannan sana'a suke riƙe gida. A ganinsu gara a sa ƙananan distona a hannun ƙungiyoyin mata da masu casar gari.

Malaman gona da yawa sun fi karkata ga rigakafi: tamfal a masussuka, daɓen siminti ko shimfiɗa wajen shanya, injin bugu, sabon buhu. Cibiyar binciken shinkafa ta AfricaRice ta bi wannan hanya da tsarin gumi na GEM, wanda ta kafa wa mata a Glazoue da Malanville cikin Benin da kuma Lafiya ta jihar Nasarawa, inda ake wanke samfarera sosai kafin a jiƙa, a kuma shanya ta ba a kan ƙasa ba. Hujjarsu mai ƙarfi ce, domin abin da bai shiga ba ba ya bukatar mai da lantarki kafin ya fita. Sai dai manomi ba zai sayi tamfal ba muddin kuɗi ɗaya ake biyan mai tsabta da mai datti. A nan ne maganar ta koma kasuwa. Gwajin gwanjo da AfricaRice ta yi da matan birni a Senegal ya nuna suna shirye su ƙara kuɗi a kan 'yar gida idan an gyara ta, amma ƙarin ba ya isa ga manomi sai in akwai hanyar gane kayansa: suna a jikin buhu, da darajoji da kowa ya sani. Idan aka auna, rigakafi da inji ba kishiyoyi ba ne. Distona ya fi aiki da kyau a kan kayan da dattinsu bai yi yawa ba.

Abin da zai iya biyowa baya

Ga gida a Gidan Amumune, ribar farko ta lokaci ce da ruwa. Tsinta da regaya aikin mata ne da 'yan mata, a ƙasar da rijiya ke da zurfi. Shinkafar da aka gyara za ta ɗan fi tsada a tiya, amma mai saye ya daina biyan kuɗin ƙasa a farashin abinci. Ga 'yan kasuwar Maraɗi da Tasawa kuwa, alama ta nuna ƙananan buhuna masu suna, na kilo 5 da 10 da 25, za su ci gaba da rage wa daro buɗaɗɗe kasuwa, kamar yadda aka gani a Kano.

Kafa distona don shinkafa kaɗai a garin da ba ya noma ta ba zai biya kuɗinsa ba. Wurin gyaran shinkafa shi ne inda ake cashe ta. Amma injin bai san shinkafa ba, nauyi ya sani. Idan aka sauya faranti aka daidaita iska, yana aiki a kan wake da riɗi da gero da dawa, waɗanda su ne arzikin Mayahi, kuma su ma a ƙasa ake sussuka su. Riɗi ya fi kowa bukata, domin masu fitar da shi waje suna saye ne bisa tsabta, suna yanke kuɗi a kan yashi, aikin tacewar kuma a birni ake yinsa, ribar ta tsaya can. Ƙungiyar manoma ko mai injin niƙa da ke tunanin saye zai fara da lissafa buhu nawa za su bi ta injin daga kaka zuwa bazara, wutar da za ta juya shi ba yankewa, ko ta gazuwal ko ta hasken rana, da kuma inda zai sami faranti da bel idan suka lalace, a Maraɗi ne ko sai an je Kano.